Amsar Wasiƙunku: Ƙwallo Ɗaya, Waya Goma Sha Biyu, Ina Datar Take Tafiya?

 A wannan mako wasiƙu biyu muka zaro daga cikin jaka, ɗaya daga Rano, ɗaya daga ƙasar Kibiya. Masu su ba su san juna ba, amma amsarsu wuri ɗaya take kwance, shi ya sa muka haɗa su.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a cikin garin Rano, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Alhajin ya ce yana da shagon cajin waya, ya kuma sayi akwatin nan mai raba intanet wanda yara ke kira rauta, irin wanda ake saka wa layin waya. Ya ɗora ɗan ƙanwarsa a kan shagon. Duk daren da ake buga ƙwallon Turai samari goma zuwa goma sha biyu sukan biya ɗan wani abu a ba su lambar sirri, kowa ya zauna a benci ya kalli wasan a wayarsa. To, datar da ya saya don wata guda ba ta kaiwa kwana goma. Lissafin Alhaji shi ne, wasa ɗaya ne, akwati ɗaya ne, ashe ya kamata a ci masa kuɗin kallo ɗaya, kamar dai rediyo da ko mutum ɗaya ya saurara ko mutum ashirin batirin da zai ci ke nan. Saboda haka yana zargin yaron da sayar da data a bayan idonsa, har yana shirin mayar da shi wurin uwarsa. Daɗin daɗawa, wani mai sayar da kayan waya a birni ya ce masa ya sayi wata rauta mai tsada wadda aka rubuta IGMP a jikin kwalinta, wai tana yin abin da ake kira maltikas, wato ta karɓo wasa sau ɗaya ta raba wa kowa. Yana tambaya, shin ya saya?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Tun kafin mu yi nisa ga amsa a gajarce: kada ka sallami yaron nan a kan wannan hujja, kada kuma ka sayi akwatin nan saboda wannan dalili. Yanzu sai ka gyara zama ka ji abin da ya sa.

Bari mu fara da lissafi, tunda ɗan kasuwa da lissafi aka san shi. A ɗauka hoton da waya ke jawowa matsakaici ne, yana cin megabit ɗaya a kowane sakan. Wasan ƙwallo minti 90 ne, watau sakan 5,400. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, saboda haka waya ɗaya za ta ci megabait 675 kafin a tashi wasa, ban da hutun rabin lokaci da ƙarin lokaci. Idan wayoyi goma sha biyu ne, sai ka ninka: megabait 8,100, wato giga takwas da 'yan kai a dare ɗaya. Wasa uku a mako, giga ashirin da huɗu sun tafi. Wannan fa idan samarin sun haƙura da matsakaicin hoto ke nan. Wanda ya ƙure wa hotonsa kyau yana iya cin ninki uku ko fiye shi kaɗai. Ka haɗa da cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, ka ga ba sai an nemo ɓarawo ba kafin aljihu ya yi kuka.

Inda lissafin Alhaji ya kauce shi ne wajen kwatanta rauta da rediyo. Kuma ba abin dariya ba ne, don kuwa mu da muka tashi da rediyo haka hankalinmu zai ba mu. Hanyoyin isar da saƙo iri uku ne, dukkansu kuwa kun san su tun kafin a ƙirƙiro waya.

Akwai shela. Mai gari ya sa a kewaya da sanarwa, mai shela ya ɗaga murya sau ɗaya, wanda abin ya shafa ya ji, wanda bai shafa ba ya ji, har mai barci sai an tashe shi. Aikinmu na rediyo ke nan. Tun daga 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna har zuwa tashoshin FM da suka cika Kano, na'urar watsa shiri sau ɗaya take jefa murya cikin iska. Ko mutum ɗari ne suka kunna ko miliyan, wutar da ta sha ke nan. Haka ma farantin tauraron ɗan'adam, wato dish da ke kan rufin gidajen kallo: tauraron yana zubo hoto a kan ƙasashe gaba ɗaya, bai ma san wa ya kama ba.

Akwai kuma wasiƙa. Ita suna ɗaya gare ta, adireshi ɗaya. In kana so mutum goma sha biyu su sami labari ɗaya ta wasiƙa, to sai ka rubuta goma sha biyu, ka sayi kan sarki goma sha biyu. To jama'a, kusan duk abin da kuke yi a intanet wasiƙa ne. YouTube, Facebook, TikTok, manhajojin kallon ƙwallo, duk haka suke aiki. Kowace waya ita ke aika buƙatarta, kamfani ya aiko mata da nata kwafin, ya biyo ta ƙarfen sabis, ya shigo ta layin da ke cikin rautar Alhaji. Rauta ba ta buɗe ambulan ta ce ai wannan da wancan abu ɗaya ne. Ba ta ma iyawa, don yawancin saƙonnin a kulle suke zuwa. Nata dai ta miƙa wa mai shi, kamfanin layi kuma ya ƙirga nauyin kowane ambulan ya cire daga datar da aka saya.

Wani zai ce, to guruf ɗin WhatsApp fa, ba sau ɗaya nake tura bidiyo kowa ya samu ba? Gaskiya ne kai sau ɗaya ka tura. Amma kwamfutocin kamfanin su ne ke zama magatakarda, su aika wa kowane ɗan guruf nasa. In mutum biyar a gida ɗaya suna guruf ɗaya, kowa ya sauke bidiyon, sau biyar aka ci data.

Hanya ta uku ita ce wadda mai shagon birni ya ambata, maltikas, mu kuwa a nan za mu kira ta saƙon ƙungiya. Tsakanin shela da wasiƙa take. Saƙo ɗaya ake aikowa, amma ba kowa ake kai wa ba, sai waɗanda suka ce suna so.

Ku mutanen Rano da Bunkure ba sai an wahala wajen yi muku misali ba, ga shi nan a bayan gidanku. Ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta babban kanal ɗaya yake fitowa, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya nufi gonakin noman rani na Bunkure da Kura da Garun Malam. Ba a haƙa wa kowane manomi nasa kanal tun daga bakin dam ba. Hanya ɗaya ce, sai an zo mararraba take rabuwa, kuma a kowace mararraba akwai ƙofa. Reshen da ake da masu shuka a buɗe masa, wanda babu kowa a bar shi a rufe. Wannan shi ne saƙon ƙungiya. Da a ce kowane manomi zai ɗauki jarka ya tafi Tiga ya ɗebo nasa, wannan ita ce hanyar wasiƙa. Da a ce kuwa za a saki ruwa ya malale ko'ina har kan wanda ya shanya shinkafarsa, to shela ke nan. Bambanci ɗaya ne tsakanin ruwa da saƙo, kuma shi ne daɗin abin: ruwa in an raba shi raguwa yake, saƙo kuwa kwafinsa ake yi a mararraba, kowane reshe ya sami cikakke.

Wanda aka fi danganta wannan dabara da shi wani masani ne mai suna Steve Deering, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Stanford ta Amurka. A 1989 aka fitar da ƙa'idar da ya rubuta wadda aka daɗe ana aiki da ita. Aka ware wasu lambobin adireshi na intanet, waɗanda suke farawa daga 224 zuwa 239, aka ce waɗannan ba na kowace na'ura ba ne, na ƙungiyoyi ne. Mai aikawa sai ya rubuta lambar ƙungiya a bayan saƙonsa ya saki. Bai san mutum nawa ne a ciki ba, bai san sunayensu ba. Ba kamar adashe ba ne da uwar adashe sai ta san ki ta san gidanku kafin ta rubuta ki. A nan kowace na'ura tana iya shiga, tana iya fita, ba mai tambayarta daga ina.

To in mai aikawa bai san 'yan ƙungiya ba, wa ya sani? Rauta ce, ita ce mai tsaron ƙofar kanal. Yaren da take magana da wayoyi da talabijin a kan wannan batu shi ne IGMP ɗin da Alhaji ya gani a jikin kwali. Ba wani abin tsoro ba ne, maganganu uku ne kacal a cikinsa.

Na farko, shiga. Na'urar da ke son wani saƙon ƙungiya sai ta ɗaga hannu ta ce, ni ina cikin ƙungiya mai lamba kaza. Rauta ta rubuta, ta buɗe ƙofa.

Na biyu, kiran rajista. Mu da muka riƙe alli kafin mu riƙe makirfo mun san ba a yarda da rajistar jiya, don yaron da ya amsa da safe yana iya tsallake taga bayan tara. Haka rauta take. Bisa ƙa'idar da aka saba, duk bayan sakan 125, wato minti biyu da sakan biyar, sai ta yi tambaya ga duk na'urorin gidan: wa ke cikin wace ƙungiya? Ta ba su sakan goma su amsa. A nan akwai wata hikima da take burge ni. Don kada duk su amsa lokaci ɗaya a yi hayaniya irin ta 'yan aji ɗaya, kowace na'ura sai ta zaɓi ɗan lokacin jira nata a cikin sakan goman nan. Wadda nata ya fara cika ta amsa. Sauran 'yan ƙungiyar da suka ji an amsa sai su yi shiru, don a tsohon tsari rauta ba adadi take nema ba, so take kawai ta san ko akwai ko da mutum ɗaya a wannan reshe. Idan kuwa aka yi kira ba a amsa ba, ba ta yanke hukunci nan take, watakila iska ce ta ɗauke amsar. Sai ta jira kira na biyu. In sakan 260 suka cika ba ta ji kowa ba, watau kira biyu da sakan goman jira, sai ta goge sunan ƙungiyar ta rufe ƙofa. Ku riƙe wannan lamba, minti huɗu da sakan ashirin, za mu dawo kanta.

Na uku, sallama. A ƙa'idar 1989 babu ita. Na'ura in ta gama sai ta sulale kawai, ruwa ya yi ta zuba a gonar da babu kowa har sai rajista ta tona. A 1997 aka yi gyara, aka ce mai tafiya ya yi sallama. Da ya ce na fita, rauta sai ta yi saurin tambayar wannan ƙungiya ita kaɗai, akwai saura? Cikin kamar sakan biyu in ba a amsa ba ta rufe. A 2002 aka sake wani gyaran, wanda ya ba na'ura damar ta ce daga wurin wane nake son saƙon, ban da wane, aka kuma ce kowa ya riƙa amsa rajista da bakinsa.

Ka ji tsari mai kyau, Alhaji. To me ya hana ya cece ka? Abin da ya hana shi ne, kanal ba ya aiki sai an haɗa shi tun daga dam har gona. Kafin wasan ƙwallo ya zo maka ta saƙon ƙungiya, sai mai watsa wasan ya aiko shi ta wannan hanya, sai kuma duk kamfanonin da ke tsakaninka da shi sun yarda sun buɗe ƙofofinsu. An gwada. A watan Maris na 1992 an watsa muryar wani taron masana intanet daga birnin San Diego na Amurka zuwa wurare kusan ashirin ta wannan hanya, mutane suka ɗauka gobe ta zo. Amma manyan kamfanonin da ke ɗaukar kayan intanet ba su rungume ta a tsakaninsu ba. Wuya gare su su san wa za su caja nawa, ga nauyin riƙe rajistar ƙungiyoyi barkatai, ga shi kuma masu kallo kowa so yake ya tsayar, ya koma baya, ya fara lokacin da ya ga dama, abin da ba ya yiwuwa in ruwa ɗaya ne yake gudu wa kowa. Maimakon haka sai manyan kamfanoni irin su Google da Facebook suka kafa rumbunan ajiya kusa da jama'a, suka ci gaba da aika wasiƙa ɗaya-ɗaya.

Inda saƙon ƙungiya ya zauna da gindinsa shi ne inda hannu ɗaya ke riƙe da hanyar tun daga farko har ƙarshe. Kamfanonin tarho a Turai da wasu ƙasashe da ke kai tashoshin talabijin gidaje ta wayarsu ta kansu da shi suke aiki: ka canza tasha, akwatinka ya yi sallama da wata ƙungiya ya shiga wata. Manyan kasuwannin hannun jari ma da shi suke raba farashi ga dillalai, don kowa ya ji a lokaci ɗaya. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin darajar wannan, ku da kuka san abin da ke faruwa idan wani ya riga ka jin farashin masara a Dawanau. To don irin waɗannan wurare aka rubuta IGMP a kwalin. Rubutun ba ƙarya ba ne. Amma ka kawo akwatin Rano, ka saka masa layin waya, samari su buɗe manhajar ƙwallo, wasiƙu goma sha biyu za su ci gaba da shigowa kamar jiya. Ƙofa ce mai kyau za ka saya a inda babu kanal.

Abin da zai rage maka asara ba ya bukatar sabon akwati. Tunda abu ɗaya suke kallo, a haɗa su a kan allo ɗaya: talabijin ɗaya ta jawo wasan sau ɗaya, mutum talatin su kalla da kuɗin mutum ɗaya. In da hali a sa dish, shi ba ruwansa da data sam, dalilin da ya sa masu gidajen kallo suke riƙe da shi ke nan. Wanda ya nace sai a wayarsa, to a caje shi gwargwadon abin da zai ci, ga lissafin nan mun yi a sama, a kuma ce ya rage ƙarfin hoto. Fim ko karatu ko bidiyon koyar da noma da mutane da yawa ke so, mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth, don wannan daga waya zuwa waya yake tafiya, ba ya bi ta ƙarfen sabis. Sa'an nan ka sani wayoyi da yawa an saita su ne da zarar sun ji waifai su fara sabunta manhajoji da sauke hotunan guruf da kansu, suna ɗauka kyauta ne. Mai wayar ma bai san ana yi ba.

Game da yaron kuwa, ban ce na wanke shi ba, ban san shi ba. Cewa na yi hujjar da ka kawo ba ta kama shi ba. In kana son ka tabbatar, akwai hanya. A ƙarƙashin rauta akwai 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da adireshin shiga cikinta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A buga shi a waya, a shiga, za a ga jerin duk na'urorin da ke haɗe a wannan lokaci. Ka ƙirga su, ka ƙirga mutanen da ke kan benci. In sun yi daidai, shi ke nan. In jerin ya fi yawa, to lambar sirri ta fita, kuma ko a nan ma ka bi a hankali, don wayoyin yanzu suna iya nuna wa wata waya lambar ta hoton nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya biya jiya ya ba abokinsa yau. A riƙa canza lambar duk daren wasa. Ka yi wannan na mako biyu tare da shi yaron, ba a ɓoye ba, kafin ka kai magana gaban ƙanwarka.

Yanzu sai wasiƙa ta biyu, daga wani dattijo manomi a Tarai ta ƙaramar hukumar Kibiya. Baba ya ce ɗansa da ke aiki a kudu ya aiko masa da talabijin irin ta zamani da rauta, da wani ƙaramin akwati na biyu da aka ja masa waya zuwa zaure don sabis ya kai can. Jikokinsa sukan tura bidiyon bikin 'yarsa daga waya zuwa talabijin. Da an kunna komai sai sunan talabijin ya fito a waya, a tura lafiya lau. Bayan 'yan mintoci in aka zo tura wani sai a nemi sunan a rasa, sai an kashe an kunna. Yana tambaya ko talabijin ɗin ce ta lalace a hanya, ya mayar.

Baba, a gaishe ka, a gaida iyali. Da wuya in talabijin ce. Ka ga a shagon Alhaji saƙon ƙungiya bai da aikin yi, amma a cikin gidanka kullum yana aiki ba ka sani ba. Da shi na'urorin gida suke neman juna. Wayar jikanka ba ta san adireshin talabijin ba, saboda haka sai ta aika tambaya ga wata ƙungiya da aka ware don haka, alal misali mai lamba 239.255.255.250 ko 224.0.0.251, ta ce akwai talabijin a nan? Talabijin tana cikin ƙungiyar, sai ta ji ta amsa, ga ni, ga adireshina. Daga nan sai su koma magana su biyu ta hanyar wasiƙa. Injin buga takarda da kyamarar tsaro ta shago ma haka ake gano su. In wannan sallamar ba ta isa ba, talabijin tana nan lafiyarta ƙalau, amma waya ba ta ganin ta.

Abu na farko da za a duba, waya da talabijin suna kan waifai ɗaya? Wani lokaci waya ta koma kan datar layinta ba a lura ba. Wani lokaci kuma tana kan sunan waifai na baƙi, wanda da gangan aka yi shi don baƙo ya sami intanet amma kada ya ga kayan gida. Akwai kuma wani maɓalli a cikin saitin rauta da aka rubuta AP Isolation, aikinsa ya hana na'urori ganin juna. A shago irin na Alhaji yana da amfani a kunna shi. A gida a kashe.

Na biyu, akwatin zaure. Idan an saita shi a matsayin rauta mai cin gashin kanta, to gidanka ya zama unguwa biyu, kuma irin wannan sallama ba ta tsallaka iyakar unguwa. Wanda ke zaure ba zai ga talabijin da ke cikin gida ba. A sa wanda ya iya ya mayar da shi kan Access Point, watau ya zama reshe kawai na babbar rautar.

Amma abin da ka faɗa na cewa sai bayan 'yan mintoci sunan yake ɓacewa, shi ya fi ja mini hankali, kuma a nan lambar da na ce ku riƙe za ta yi aiki. Akwatuna da yawa suna da wata dabara da aka rubuta IGMP Snooping, ma'anarta kasa kunne. Akwatin da bai da ita, in saƙon ƙungiya ya zo sai ya watsa shi ta kowace kafa kamar shela. Mai ita kuwa yana sauraron wa ya ɗaga hannu, ta wace kafa, ya riƙa kai saƙon can kaɗai. Dabara ce mai amfani, musamman saboda waifai. Rauta takan aika saƙon ƙungiya ta iska da mafi ƙarancin saurinta, sau da yawa megabit ɗaya ko shida a sakan, don wayar da ta fi nisa ma ta ji, kamar ayarin da ke tafiya da saurin jakin da ya fi gajiya. Ba ta kuma jiran a ce an karɓa, abin da ya faɗi ya faɗi. Saboda haka in saƙon mai nauyi ne irin hoton kyamara, aka bar shi yana malala cikin iska, sai ya tare hanya kowa ya ji sabis ya yi nauyi.

Sai dai mai kasa kunne da rajistar wani yake aiki. In babu mai kiran rajista a gidan, ga abin da zai faru: an kunna talabijin, ta ɗaga hannu sau ɗaya, akwati ya rubuta. Babu wanda ya sake tambaya, ita kuma ba ta sake magana ba. Lokacin jira ya cika, wanda a akwatuna da yawa sakan 260 ɗin nan ne ko kusa da haka, akwati ya ɗauka ta tafi, ya goge ta. Daga nan tambayar waya ba ta isa gare ta. An kashe an kunna, ta sake ɗaga hannu, a sake zagayowa.

Gwajin ba wuya, Baba. A kashe komai a kunna, a sa jikanka ya duba agogo, ya riƙa neman sunan talabijin duk bayan minti ɗaya. A yi haka sau uku. Idan kowane karo tsakanin minti huɗu da biyar yake ɓacewa, to ka kama shi. A shiga saitin akwatunan biyu, a nemi IGMP Snooping a kashe. Gida mai waya biyar da talabijin ɗaya ba zai ji nauyin rashinsa ba. In akwatin yana da wurin da aka rubuta Querier, wato mai kiran rajista, to ana iya barin kasa kunnen a kunne a kunna wannan, amma a akwati ɗaya ya isa. Idan kuma ɓacewar ba ta da lokaci tsayayye, a duba wayar da kanta, don wasu wayoyin sukan toshe kunne daga saƙon ƙungiya idan an sa su tanadin batir. Kuma don Allah duk wanda zai taɓa saitin ya riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya rubuta yadda ya same shi a takarda kafin ya taɓa.

Masu tambaya a kan famfon ban ruwa mai aiki da sola, daga Rurum da Saji, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.